Louis Armstrong, mai muryar tsakuwa

Yau za mu tuna da wani mawaƙi baƙar fata na Amurka wanda ko ba ku san sunansa ba, wataƙila kun taɓa jin muryarsa a rediyo, murya mai kaushi kamar ana jan buhu a kan tsakuwa.

An haifi Louis Armstrong ranar 4 ga Agusta 1901 a birnin New Orleans, cikin talauci sosai. Yana yaro ɗan shekara 11 ya harba bindiga sama a daren sabuwar shekara, aka kama shi aka kai gidan horon yara. To a can ne ya koyi busa ƙahon ƙarfe. A 1922 ya tafi Chicago wurin maigidansa King Oliver, daga nan sunansa ya fara zagaya duniya. Ya zo Accra a 1956, inda ya gana da Kwame Nkrumah, ya sake dawowa Afirka a 1960.

Amma muryar nan ita ce ta sa muka ɗauko labarinsa. Muna jin samari, har da masu kawo mana waƙoƙinsu nan tasha, suna matse maƙogwaro don su sami irin wannan gurnani. Ku sani, cikin maƙoshi akwai tantani biyu masu laushi da ke kaɗawa su ba da sauti. In aka riƙa gwara su da ƙarfi kullum, sai su yi kanta kamar hannun manomi, murya ta dushe. Masu koyar da waƙa suna fitar da kaushin ne daga naman da ke sama da tantanin, da iska mai yawa daga ciki, a hankali, ba da ihu ba. In ya yi zafi ko ƙaiƙayi, a dakata. Dushewar da ta wuce sati uku kuwa, sai likita, ba citta da kanumfari kawai ba.

Shi kansa Armstrong bai yi wasa da jikinsa ba, don sana'ar ta ba shi wuya. Busa ta sha fasa masa leɓe har jini ya fita, shi ya sa bai rabuwa da man shafawa. Maƙoshi kuma yakan jiƙa shi da zuma haɗe da gilisarin.

Muryar ta riƙe shi har tsufa. A 1964, yana da shekara 62, waƙarsa Hello, Dolly! ta ture ta 'yan Beatles daga matsayi na ɗaya a Amurka. A 1967 ya yi What a Wonderful World. Ya rasu ranar 6 ga Yuli 1971 a gidansa da ke New York, gidan da yanzu ya zama wurin tarihi da baƙi ke ziyarta.