Francis Sumner: Malamin da ya ƙi zama shi kaɗai

Idan ana lissafin baƙaƙen fatar Amurka da suka yi fice a ƙarni na 20, akasari sunayen 'yan gwagwarmaya da mawaƙa da 'yan dambe ne ke fara zuwa baki. Ba kasafai ake tunawa da Francis Cecil Sumner ba, alhali kuwa shi ne baƙar fata na farko da ya sami digirin digirgir a fannin ilimin halayyar ɗan Adam a ƙasar, a shekarar 1920. Na ga ya dace in kawo wa mai karatu tarihinsa a wannan fili, domin matsalar da ya ƙarar da rayuwarsa a kanta, wato ƙarancin masana wannan fanni a tsakanin baƙaƙen fata, har yau ba ta kau ba, kuma hanyar da ya bi wajen tunkarar ta tana da abin lura ga duk mai riƙe da alli ko kujerar shugabanci a jami'a.

Kafin in yi nisa, ya kamata a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne da ya karanci aikin asibiti, yana duba majiyyaci ya rubuta masa magani. Shi kuwa masanin halayyar ɗan Adam, aikinsa nazarin tunani da ɗabi'a, da auna basirar yara, da warkar da damuwa ta hanyar zama da mutum a tattauna. Kayan aikinsa tambaya ce da sauraro, saboda haka sanin irin rayuwar wanda ke zaune a gabansa shi ne rabin aikin.

An haifi Sumner ranar 7 ga Disamba, 1895, a garin Pine Bluff na jihar Arkansas, shekara 30 kacal bayan haramta bauta a Amurka. Ya yi karatun firamare a jihohin Virginia da New Jersey, amma bai taɓa zama a ajin sakandare ba. Makarantun sakandaren da ake barin baƙar fata su shiga a wancan zamani 'yan kaɗan ne, ga rashin inganci, don haka mahaifinsa ya zaunar da shi a gida yana ɗora masa karatu da rubutu. A 1911, yana ɗan shekara 15, ya ci jarrabawar shiga Jami'ar Lincoln da ke jihar Pennsylvania, wadda daga baya ta yaye Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah. Ya kammala a 1915 yana kan gaba a ajinsu, da yabo na musamman a fannin harsuna da falsafa.

Daga nan sai ya nufi Jami'ar Clark da ke garin Worcester, inda ya haɗu da shugabanta, G. Stanley Hall. Wannan Hall ba ƙaramin mutum ba ne a fannin, domin shi ne shugaban farko na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka da aka kafa a 1892, kuma shi ya gayyato Sigmund Freud zuwa Amurka a 1909. Abin mamaki shi ne, a cikin rubuce-rubucensa Hall ya ɗauki mutanen Afirka a matsayin jinsin da bai gama girma ba, amma duk da haka ya karɓi Sumner hannu bibbiyu. A 1918, lokacin da ƙasar ke tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Sumner ya aika wasiƙu zuwa wata jaridar garin yana sukar irin zaluncin da ake wa baƙar fata. Gari ya ɗauki zafi, aka zarge shi da rashin kishin ƙasa, har sai da ya fito ya ba da haƙuri. Hall bai juya masa baya ba.

A shekarar ce kuma aka ɗauke shi aikin soja, aka tura shi Faransa da muƙamin saje a wata rundunar baƙar fata zalla, irin waɗanda ake bar wa aikin ƙarfi. A nan ya kamata mai karatu ya san irin kallon da fannin da Sumner ya zaɓa ke yi wa mutanensa. Tun a 1851 wani likita a jihar Louisiana, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa gudun da bayi ke yi daga iyayengijinsu wani nau'in taɓin hankali ne, har ya ba da shawarar bulala a matsayin rigakafi. A lokacin yaƙin kuwa, masana halayya ƙarƙashin jagorancin Robert Yerkes sun yi wa sojoji kusan miliyan 1 da dubu 750 gwajin basira, da tambayoyin da galibi wanda ya yi makaranta kuma ya tashi a cikin al'adun farar fata ne zai iya amsawa. A 1923 Carl Brigham ya tattara sakamakon a littafi, ya yanke hukuncin cewa baƙar fata ne a ƙasan kowa wajen basira. A 1930 ya janye maganarsa, amma aikin gama ya riga ya gama. Ke nan rundunar da aka yi amfani da ita wajen tabbatar da daƙiƙancin baƙar fata, a cikinta akwai saje mai karanta Freud da Jamusanci.

Sumner ya koma Clark a 1919, kuma a watan Yunin 1920 ya kare kundinsa, wanda ya kwatanta ra'ayoyin Freud da na Alfred Adler. Sai dai digirin bai buɗe masa ƙofar manyan jami'o'in farar fata ba. Ya koyar a Wilberforce ta jihar Ohio, ya ɗan taɓa a Jami'ar Southern ta Louisiana, sannan ya yi shekara bakwai, daga 1921 zuwa 1928, a wata kwalejin baƙar fata a jihar West Virginia, cikin ƙarancin kayan aiki da rashin tallafin bincike.

A wannan zango ne ya yi abin da har yau ake riƙe shi da shi, kuma adalci bai yarda in tsallake shi ba. A 1926 da 1927 ya wallafa maƙalu inda ya nuna cewa baƙar fata suna baya a wayewa, don haka a mayar da hankali wajen koya wa mafi yawansu sana'a da tarbiyya, a bar zurfin ilimi ga 'yan tsirarun da suka nuna hazaƙa. Wasu masana tarihi na ganin dabara ce ta lallaɓa attajiran farar fata masu ba makarantun baƙar fata tallafi. Ko ma mene ne dalilinsa, a ganina maganar ba daidai ba ce, kuma ta ba maƙiya mutanensa makami. Amma wanda ya fi kowa ƙaryata waɗannan maƙalu shi ne Sumner da kansa, ta hanyar abin da ya yi da sauran kwanakinsa.

A 1928 ya koma Jami'ar Howard da ke birnin Washinton, a zamanin Mordecai Johnson, baƙar fata na farko da ya shugabance ta. Da goyon bayan Johnson ya tsayar da ilimin halayyar ɗan Adam a matsayin sashe mai cin gashin kansa, kuma shi ya riƙe shugabancinsa har ƙarshen rayuwarsa. A zamaninsa Howard ba ta ba da digirin digirgir, saboda haka aikinsa shi ne ya gasa ɗalibi a digiri na ɗaya da na biyu, yadda idan ya je wata jami'ar ba wanda zai raina shi. An san shi da kawaici da ƙarancin magana, da kuma tsanani wajen karatu. Bayan koyarwa, ya taƙaita wa mujallun fannin maƙalu fiye da 2,000 da aka rubuta da Jamusanci da Faransanci da Sifaniyanci, aiki mai cin rai wanda ba ya jawo wa mai yin sa suna, amma ya sa ɗalibansa ba su kasance a baya ba game da abin da ake ciki a Turai.

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma Sumner, wanda bai bar ɗa na cikinsa ba, ɗalibansa ne suka gaje shi. Kenneth Clark ya shiga Howard da niyyar zama likita, darasin Sumner ne ya sauya masa alƙibla. Mamie Phipps, wadda Kenneth ya aura, da lissafi ta fara kafin ta dawo wannan sashe. Dukansu biyu sun wuce Jami'ar Columbia, inda shi ya sami digirin digirgir a 1940, ita kuma a 1943. Su ne suka gudanar da gwajin nan na 'yar tsana: a ajiye wa yara baƙar fata masu shekara uku zuwa bakwai 'yan tsana iri ɗaya sak, bambancinsu launi kawai, a tambaye su wacce suka fi so, wacce ce mai kyau, wacce ce mummuna. Mafi yawan yaran suka zaɓi fara, da dama suka nuna mai launin jikinsu a matsayin mummuna. Masana sun yi ta muhawara daga baya a kan ingancin tsarin gwajin, amma tambayar kanta, wato me wariya ke yi wa zuciyar yaro, wanda ya ɗanɗani wariya ne ya ga dacewar yin ta.

Haka kuma a 1946 ma'auratan sun buɗe cibiyar Northside a unguwar Harlem ta birnin New York, domin yaran baƙar fata da ba su da inda za a duba lafiyar tunaninsu. A can suka sake auna yara da yawa waɗanda makarantu suka riga suka yi wa tambarin raunin ƙwaƙwalwa, sai ga shi lafiyarsu lau. Duk uban da aka taɓa ce wa ɗansa ba zai iya karatu ba ya san nauyin wannan aiki.

Ranar 12 ga Janairu, 1954, Sumner yana kwashe dusar ƙanƙara a gidansa da ke Washinton bugun zuciya ya same shi, ya rasu yana da shekara 58. Wata huɗu bayan haka, ranar 17 ga Mayu, alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka suka haɗu a kan haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata, kuma a cikin hujjojin da suka ambata akwai aikin Kenneth Clark. Lauyan da ya jagoranci ƙarar, Thurgood Marshall, shi ma Lincoln da Howard ne suka yaye shi. Sumner bai ga wannan rana ba, kamar yadda bai ga 1971 ba, shekarar da ɗalibin nasa ya riƙe shugabancin ƙungiyar da Hall ya fara shugabanta.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka an kai gaci. A 1968 masana baƙar fata sun ga dole su kafa ƙungiyarsu ta daban a San Francisco, saboda babbar ƙungiyar ba ta kula da damuwarsu. A 1976 Robert Guthrie ya fitar da littafin da ya farfaɗo da sunan Sumner, wanda ma'anar takensa ita ce hatta ɓeran gwajin ma fari ne. Alƙaluman babbar ƙungiyar na 2015 sun nuna cewa kashi 4 cikin 100 ne kacal na masana halayyar da ke aiki a Amurka baƙar fata, alhali baƙar fata sun kai kusan kashi 13 na jama'ar ƙasar. Bincike na shekaru da dama ya nuna an fi saurin ɗora wa majiyyaci baƙar fata cutar sikizofiriniya, wato irin taɓin hankalin da ke sa mutum jin muryoyi da zargin kowa, a inda za a ce wa farar fata mai irin alamominsa ciwon damuwa ne ke damunsa. Mutumin da tarihi ya koya wa ɗari-ɗari da hukuma, idan mai duba shi bai san wannan tarihi ba, sai ya rubuta taka-tsantsan ɗinsa a matsayin alamar cuta. A watan Oktoban 2021 ƙungiyar ta fito fili ta nemi afuwa a kan rawar da fannin ya taka wajen ƙarfafa wariyar launin fata.

Ba ina nufin sai baƙar fata ne kaɗai zai iya duba baƙar fata ba. Abin da nake nufi shi ne, al'ummar da ba ta da 'ya'yanta a cikin masu aunawa, da mudun wasu za a riƙa auna ta, kuma masu ciwo a cikinta za su gwammace su yi shiru da su buɗe cikinsu ga wanda suke tsoron ba zai fahimce su ba. Neman afuwa abu ne mai kyau, amma ba ya cike wannan giɓi. Aji ne ke cike shi, da malamin da ya yarda ya zauna.

Wannan ne ya sa nake ganin darajar Sumner ba ta tsaya ga zamansa na farko ba. Mun sha ganin masu zama na farko a fage, su rufe ƙofa a bayansu, su tsufa suna tinƙaho da cewa babu na biyunsu. Shi kuwa ya yi shekara kusan 26 a sashe guda, yana gyara rubutun ɗalibai, har ya tabbatar cewa ranar da ya faɗi akwai masu ɗauka. Shawarata ga malamanmu na jami'a da manyan likitocinmu ita ce, kowa ya ƙirga mutum nawa ya horar waɗanda za su iya riƙe aikin idan ba ya nan. Da wannan ma'auni ya kamata a auna Sumner, kuma da shi ya kamata mu auna kanmu.