Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, Wanda Ya Kai Sulhu Bakin Kogi

A filinmu na tarihin magabata, yau za mu duba rayuwar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda mulkinsa bai wuce shekara bakwai ba, amma har yau Kabawa suna cin moriyar tafiya ɗaya da ya yi.

Hassan ɗan Sarkin Musulmi Mu'azu ne, jikan Muhammadu Bello, tattaɓa-kunnen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Mahaifinsa ya yi sarauta daga 1877 zuwa 1881. Shi kuwa ya daɗe a Dange yana riƙe da sarautar Sarkin Baura, kafin a naɗa shi Sarkin Musulmi a 1931, bayan Muhammadu Tambari ya sauka.

To, kafin mu gane girman abin da ya yi, sai mun san gabar da ya gada. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, babban birnin Kabawa a lokacin. Daga baya Kabawa suka kafa sarautarsu a Argungu, kuma tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 ake ta gwabzawa tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu. An ɗan sarara a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, sulhun da ake kira Lafiyar Toga, amma bai kai shekara goma ba aka koma gidan jiya. Zamanin Sarki Sama'ila, wanda ya hau a 1883, yaƙin ya ƙara zafi.

Ku duba wa ke shan wahalar irin wannan zama. Fadamar Rima ƙasa ce ta shinkafa da kifi da kiwo. Amma manomin da ke tsoron hari ba ya yin nisa da ganuwa, masunci ba ya tunanin kifin baɗi, balle uwa ta ajiye iri da kwanciyar hankali. Zuwan Turawa ya sa an ajiye makamai, sai dai zukata ba su huce ba.

A 1934 Hassan ya tashi takanas daga Sakkwato zuwa Argungu, garin da magabatansa suka sha kai wa yaƙi, ya shiga a matsayin baƙo. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da karamci, ya tara masunta suka yi gagarumin su domin girmama shi. Kabawa dama suna da al'adunsu na ruwa tun kaka da kakanni, amma daga wannan ziyara ake ƙirga bikin kamun kifi na Argungu da duniya ta sani.

A nan darasin yake, 'yan'uwa. Bikin ya dogara ne a kan haƙuri. Ana hana su a Matan Fada tsawon shekara domin kifi ya hayayyafa ya girma, Sarkin Ruwa yana kula da dokar. Ranar biki kuma da homa da gora ake shiga, shi ya sa ake fito da giwan ruwa wadda sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga ta. Irin wannan doka ba ta tsayuwa sai inda mutane suka amince da juna. Wa zai bar kifi a ruwa in yana zaton maƙwabcinsa zai kwashe cikin dare? Kun ga ke nan zaman lafiya ne ke tsare kogi, kogin kuma in ya wadata kowa, sai rigima ta ragu.

Zamaninmu ma ya tabbatar da haka. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ake adanawa, alhali a lokacin an dakatar da shi. Bayan na 2009, sai a 2020 aka sake yi, kuma rashin tsaro a Arewa yana cikin dalilan. Mata masu bandar kifi da masu sayar da abinci su suka san abin da suka rasa a shekarun nan.

Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938. Ɗan ɗan'uwansa, Abubakar na Uku, wanda ya tashi a Dange, shi ya gaje shi, ya yi shekara 50 a kan gado.

Mu iyaye mata, a bakinmu yara ke fara jin wane ne abokin gaba. In rigimar gona ko mashaya ta taso tsakanin manomi da makiyayi, mu zama masu yayyafa ruwa, mu tuna wa mazanmu da 'ya'yanmu cewa wanda ya fara taka ƙafa zuwa sulhu bai faɗi ba. Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kabi Sama, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.