Clapperton, Baƙon Sarkin Musulmi Bello

Duk wanda ya je ziyara Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ke, ya kamata ya san labarin wani baƙo da ya zauna da Bello, ya ci abincinsa, ya kuma mutu a ƙasarsa. Sunansa Hugh Clapperton, amma mutanen Sakkwato Abdullahi su ke ce masa. Mutumin Sikotlan ne, wato ƙasar da ke arewa da Ingila, wadda mutanenta suka shahara da yawon duniya.

An haife shi a garin Annan cikin shekarar 1788. Ubansa likita ne mai 'ya'ya da yawa, saboda haka yaron bai daɗe a makaranta ba. Yana da shekara 13 ya shiga aikin jirgin ruwa na fatake, daga baya ya koma jiragen yaƙi na Sarkin Ingila. Ya yi aiki a tekun Hindu da tafkunan Kanada, har ya sami muƙamin hafsa.

A zamanin nan Turawa suna cikin ruɗu game da Kwara. Sun san akwai ta, amma ba su san inda ta ke zuba ba. Wani ɗan Sikotlan, Mungo Park, ya riga ya halaka a Busa wajen neman wannan sani. Cikin 1822 gwamnatin Ingila ta aiko mutum uku ta hanyar Tarabulus, su ne Likita Oudney, da Denham, da Clapperton. Suka ƙetare hamada da raƙuma, suka ga tafkin Cadi, suka sauka Kukawa wurin Shehu Laminu cikin watan Fabrairu 1823. Daga can Clapperton da Oudney suka nufo ƙasar Hausa, amma Oudney ya rasu kusa da Katagum. Clapperton ya ci gaba shi kaɗai, ya shiga Kano cikin Janairu 1824, ya ratsa dajin Gundumi da ƙishirwa mai tsanani, ya iso Sakkwato cikin watan Maris.

Waziri Giɗaɗo ne ya sauke shi, Sarkin Musulmi kuwa ya karɓe shi da girmamawa. Baƙon ya zo da tsammanin zai tarad da sarkin yaƙi, sai ya tarad da malami. Bello ya yi masa tambayoyi a kan ƙungiyoyin Nasara na dā, har Clapperton ya amsa cewa saninsa bai kai nan ba. Aka zana masa taswirar ƙasa, aka ba shi wani yanki na littafin Bello, Infaƙul Maisuri, da takarda zuwa ga Sarkin Ingila, inda aka yi maganar ciniki da hana fitar da bayi zuwa bakin teku, aka kuma nemi a aiko wakili da likita. Abu guda aka hana shi, wato tafiya Yawuri don ya ga Kwara. Ya bar Sakkwato cikin watan Mayu, ya isa gida cikin 1825.

Bai huta ba. Cikin watan Disamba na wannan shekara ya tashi daga Badagiri, don ya zo mana ta kudu. Zazzaɓi ya kashe abokan tafiyarsa tun suna ƙasar Yarabawa, sai baransa Richard Lander ya rage masa. Ya bi ta Oyo da Busa, ya ƙetare Kwara, ya zo Zariya da Kano. Cikin watan Oktoba 1826 ya tarad da Bello a fagen yaƙi da Gobirawa, ya ga ɗauki ba daɗi da idonsa.

Wannan karo al'amura sun sāke. Yaƙi ya tashi tsakanin Sakkwato da Barno, ga shi kuwa Clapperton yana ɗauke da takarda da kayan gaisuwa na Shehu Laminu. Ban da wannan, magana ta bazu cewa haka Ingilishi suka fara da ƙasar Hindu, suka shiga baƙi, suka zama masu gida. Bello ya karɓi tasa kyautar, ya yi murna ƙwarai da littafin lissafi na Uƙlidis cikin Larabci, don nasa ya ƙone a gobara. Amma ya hana baƙon wucewa Barno, ya kuma sa aka karɓe takardar Shehu. Clapperton ya ji zafin haka, ya ga an ci amanar manzo. Bello kuwa ya ga ba sarkin da zai bari a kai wa abokin gabansa kaya ta cikin ƙasarsa. Kowannensu yana da hujja, mai karatu sai ya auna da kansa.

A cikin watannin nan na jira Clapperton ya riƙa zuwa Magariya, ribaɗin da Bello ya ke zama kafin ya koma Wurno, a nan gefen fadamar Rima. Can ya ke farauta don ya rage baƙin ciki. Lander ya ba da labari cewa wata rana maigidansa ya gaji, ya kwanta a kan ƙasa mai laima, daga nan jikinsa bai ƙara daɗi ba. Atuni ya kama shi cikin watan Maris, ya yi jinya kamar wata guda a Sakkwato, ya mutu ran 13 ga Afrilu 1827, yana da shekara 38. Bello ya ba da izni, Lander ya binne shi a wani ƙauye kamar mil 5 daga birni.

Lander ya kwashi takardun maigidansa ya kai Ingila, aka buga su cikin 1829. Cikin 1830 kuma shi da ƙanensa suka bi Kwara cikin kwalekwale har teku, suka warware abin da ya gagari Park da Clapperton. Bello ya rasu a Wurno cikin 1837. Abin da aka ji tsoro kuwa ya tabbata cikin 1903, sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato.

Clapperton bai sami abin da ya fito nema ba. Amma ya bar mana abin da bai yi niyya ba. Malamanmu sun rubuta labarin jihadi da hukunce-hukunce, ba su damu da rubuta farashin kasuwa, ko yadda a ke rini da noman fadama ba, don kowa ya san su a lokacin. Baƙo ne ya ga waɗannan abin mamaki ne, ya rubuta. Saboda haka, 'yan'uwa masu shirin koyarwa, in za ku ba yara labarin zamanin Bello, ku haɗa littattafan malaman Sakkwato da na wannan ɗan Sikotlan, ku tuna kuwa cewa idon baƙo ya kan ga abin da ɗan gida ya saba da shi, ya kan kuma kuskure ma'anarsa.