Sammy Davis, Yaron Da Ya Yi Mafarkin Mulki

An haifi Sammy Davis ƙarami a unguwar Harlem ta birnin New York, ƙasar Amurka, ran 8 ga Disamba, 1925. Baƙar fata ne, iyayensa duka biyu 'yan rawa. Yana da shekara 3 suka rabu, uban ya ɗauke shi suka shiga yawon wasa gari gari tare da wani mai suna Will Mastin. Saboda haka bai taɓa zama a aji ba.

A zamanin nan silima mai magana ba ta daɗe da fitowa ba. Kafin babban wasa akan nuna gajere na kamar minti 20, cike da waƙa da rawa da ban dariya. A cikin irin waɗannan ne sababbin 'yan wasa da yawa suka fara fitowa. A 1933 aka yi ɗaya mai suna Rufus Jones for President. Sammy, yana da shekara 7, ya fito a yaron da barci ya kwashe, ya yi mafarki an zaɓe shi Shugaban Amurka. Shahararriyar mawaƙiya Ethel Waters ce uwarsa a wasan. Yaron ya yi rawa da waƙa gwanin sha'awa, amma wasan ya mai da baƙar fata abin ba'a, wai ina su ina mulki.

Wannan raini ya bi shi har girma. A soja, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗansu sojoji farar fata suka fasa masa hanci. A can kuma wani saje ya riƙa ba shi littattafai, ya kama karatu sosai. Gemu dai ba ya hana ilmi. A 1954 ya yi haɗarin mota ya rasa idonsa na hagu, duk da haka ya koma fage. Da sunansa ya kai ko'ina, sai ya ƙi yin wasa a gidajen da a ke hana baƙar fata shiga.

Ya rasu ran 16 ga Mayu, 1990, yana da shekara 64. A 2008, shekara 75 bayan wasan nan, mutanen Amurka suka zaɓi baƙar fata, Barack Obama, ya shugabance su. Abin da aka yi wa dariya jiya, ga shi ya tabbata.