Moliyar, Sarkin Ban Dariya na Ƙasar Faransa

Cikin mutanen da suka shahara wajen rubuta wasan kwaikwayo na ban dariya, da wuya a sami wanda ya kai wani Bafaranshe da a ke kira Moliyar, wanda su can su ke rubuta sunansa Molière. Yau fiye da shekara 350 ke nan da rasuwarsa, amma har yanzu ana yin wasanninsa a ƙasashe da yawa. Makamansa biyu ne, watau wasa da kalmomi da kuma gatse. Da su ya tona asirin marowata, da masu ƙaryar ilmi, da munafukai, har manyan ƙasa suka riƙa jin tsoron alƙalaminsa.

An haife shi a birnin Faris cikin watan Janairu 1622. Sunan da iyayensa suka raɗa masa Jean-Baptiste Poquelin. Ubansa mai sana'ar katifu ne da labule da kujeru, yana kuma da muƙamin kula da kayan ɗakin Sarki. Yaron yana da shekara 10 uwarsa ta rasu. Aka sa shi wata babbar makaranta ta limaman Katolika mai suna Clermont, inda ya koyi Latin sosai. Kowa na zaton zai gaji ubansa, ya zauna cikin rufin asiri. Amma cikin 1643, yana da shekara 21, sai ya bar gadon nan, ya haɗa kai da wata 'yar wasa mai suna Madeleine Béjart da 'yan'uwanta, suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ba da daɗewa ba ya ɗauki sunan Moliyar.

Abin bai yi kyau ba da farko. Masu kallo ba su zo ba, bashi ya yi musu katutu, har cikin 1645 aka ɗaure shi 'yan kwanaki. Cikin masu binsa har da mai sayar da kyandir, domin a zamanin nan da kyandir a ke haskaka fagen wasa. Da ya fito sai suka bar Faris, suka shiga yawo gari gari har wajen shekara 13. Yawon nan shi ne makarantarsa ta biyu. A nan ya kasa kunne ya ji yadda barori su ke magana, da yadda likitoci da attajirai su ke kumbura baki, ya kuma gane abin da ke sa jama'a dariya.

Cikin Oktoba 1658 suka sami yin wasa gaban Sarki Luwi na 14. Suka fara da wani wasa mai ban tausayi na Corneille, sa'an nan Moliyar ya roƙi izni ya ƙara da wani ɗan gajere na barkwanci. Wannan na biyun shi ya ƙayatar da Sarki, har aka ba su zauren da za su riƙa wasa a cikin birni.

To, yaya ya ke wasa da kalmomi? Cikin wasansa na 1659 ya kawo waɗansu 'yan mata biyu da suka shigo birni, suna ganin kiran abu da sunansa ƙauyanci ne. Ko kujera ko madubi sai sun yi masa doguwar kwana, har baiwar gidan ta kasa gane abin da a ke aikenta. Suka raina samarin kirki, suka kwashi barori biyu da suka sa tufafin iyayengijinsu, don kawai bakinsu ya iya irin wannan zance. Cikin wasan Likitan Dole, na 1666, wani mai saran itace ne aka lakaɗa wa duka har ya yarda shi likita ne. Da aka kai shi gaban mara lafiya, sai ya tambaya ko maigidan yana jin Latin. Da ya ji ba ya ji, sai ya shiga zuba surutai marasa kai, ya sa zuciya a dama, hanta a hagu. Maigida kuwa sai jinjina kai ya ke yi, yana mamakin zurfin ilminsa.

Wani lokaci kuma magana ce mai harshen damo. Cikin wasan Marowaci, na 1668, an sace wa tsoho Harpagon akwatin zinariyar da ya binne a lambu. Ya tsare wani saurayi yana tuhumarsa. Shi kuwa saurayin 'yar tsohon ya ke so a ɓoye, sai ya ɗauka asirin nan ne ya tonu. Tsoho na zancen dukiyarsa, saurayi na amsa laifi yana yabon kyawunta, kowa da abin da ya ke nufi. Masu kallo kaɗai suka san inda aka yi saɓani, shi ya sa dariya ta ke cin su.

Wannan ya kawo mu ga makaminsa na biyu. Gatse shi ne a faɗi abu ana nufin kishiyarsa. Moliyar ya kai shi gaba da haka, domin ya kan shirya wasa yadda mai kallo zai san gaskiya, amma wanda ke cikin wasan bai sani ba. Babu inda wannan ya fi fitowa kamar cikin wasan Tartuf. Tartuf mayaudari ne da ya fake da ibada, ya shige gidan wani attajiri mai suna Orgon. Ran nan Orgon ya komo daga tafiya, baiwa tana gaya masa matarsa ta kwana da zazzaɓi, Tartuf kuwa ya ci ya ƙoshi ya yi barci har safe. Duk sa'ad da ta faɗi haka, sai Orgon ya tausaya wa Tartuf, ko ta kan matar bai bi ba. Bai farka ba sai da matar ta ɓoye shi ƙarƙashin tebur, ya ji da kunnensa baƙon nan yana nemanta. Kafin nan kuwa ya riga ya rubuta masa gidan kyauta.

Aka fara nuna wasan nan a fadar Versailles cikin Mayu 1664. Waɗansu manyan masu addini suka ce da su a ke, suka matsa wa Sarki har ya hana a yi shi a fili. Cikin 1667 Moliyar ya sake masa suna ya gwada, aka yi sau ɗaya aka sake hanawa, babban limamin Faris kuma ya yi barazanar fitar da duk wanda ya kalla ko ya karanta shi daga cikin ikilisiya. Moliyar ya yi ta kai kuka wurin Sarki, yana cewa shi da munafukai ya ke, ba da masu ibada ta gaskiya ba. Sai ran 5 ga Fabrairu 1669 aka sake shi, jama'a kuwa suka yi ta tururuwa. In kun lura, da bugu da faɗuwa ne kawai a cikin wasan, da ba wanda zai shekara biyar yana yaƙi da shi.

Ƙarshensa ma kamar shi ya rubuta shi. Ya daɗe yana fama da ciwon huhu, har ya sa tarinsa cikin halin Marowaci don ya zama abin dariya. Cikin 1673 ya rubuta wasan Mai Ciwon Zato, labarin wani lafiyayye da ya tabbata shi majinyaci ne, ya kuma ɗauki matsayin mutumin nan da kansa. Watau mai ciwon gaske ke kwaikwayon mai ciwon zato. Ran 17 ga Fabrairu, wajen yin wasan karo na huɗu, ciwo ya taso masa. An ba da labari cewa an roƙe shi ya huta, ya ƙi saboda ma'aikatan da abincinsu ke rataye da wasan ranar. Ya daure ya gama, aka kai shi gida, ya cika a daren nan yana da shekara 51.

A lokacin nan ba a yi wa ɗan wasa jana'izar Kirista sai ya tuba daga sana'arsa, shi kuwa bai sami yin haka ba. Sai da matarsa Armande ta kai kuka gaban Sarki kāna aka yarda a binne shi, da dare kuwa, ba wani biki. Cikin 1680 Sarki ya haɗa ƙungiyarsa da wata, aka kafa gidan wasa na Comédie-Française, wanda ke nan har yau. Faransawa kuma su kan kira harshensu harshen Moliyar.

Saboda haka, 'yan'uwa, in za ku shirya wasa a ƙarshen zango, ku tuna dariyar da ta fi daɗewa ita ce wadda ta fito daga tazarar da ke tsakanin abin da baki ya faɗa da abin da ke akwai. In kuma kun tsaya gaban aji, kun ji sha'awar zuba manyan kalmomin da ku kanku ba ku gane ba, ku tuna da mai saran itacen nan.