Amilkar Kabral, masanin noma da ya gina jam'iyya a cikin ƙauyuka

An haifi Amilkar Kabral ran 12 ga watan Satumba na 1924 a garin Bafata, cikin ƙasar Gine-Bisau, wadda a lokacin take hannun Turawan Fotugal. Iyayensa ƴan asalin tsibiran Kap-Ber ne, mahaifinsa kuwa malamin lakwal ne. Tun yana yaro aka koma da shi tsibiran, can ya yi karatu, can kuma ya ga fari da yunwar da suka hallaka dubban mutane a shekarun 1940. A 1945 ya tafi Lizbon, babban birnin Fotugal, ya karanci ilmin noma.

Ya komo Gine a 1952 a matsayin ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka. Aka ɗora masa aikin ƙidayar gonaki da amfanin gona na ƙasar baki ɗaya. Wannan aiki ya kai shi lungu-lungu, ya zauna da manoma, ya san yadda kowace ƙabila take noma da yadda take shugabanci. Ya ga yadda ake tura talaka ga noman gyaɗa, sa'an nan kamfanonin Turawa su saye ta a kan farashin da suka ga dama. Abin da ya gani a wannan rangadi shi ya zama jarinsa daga baya.

Bisa tarihin jam'iyyar, ran 19 ga Satumba na 1956 ne Kabral da abokansa biyar suka taru a asirce cikin Bisau, suka kafa ƙungiyar da aka sani daga baya da sunan PAIGC, watau jam'iyyar neman ƴancin kan Gine da Kap-Ber. A cikinsu akwai ƙanensa Luwis Kabral da Aristides Pereira. Da fari sun dogara ga ma'aikatan birni. Amma ran 3 ga Agusta na 1959 leburorin tashar jiragen ruwa ta Pijigiti suka yi yajin aiki a kan albashi, aka buɗe musu wuta, aka kashe kimanin mutum 50. Shugabannin suka gane birni ne inda ƙarfin abokin gaba yake, suka yanke shawarar mai da aikinsu karkara.

A 1960 Kabral ya zauna Konakiri, a makwabciyar ƙasar Gine wadda Seku Ture ke mulki, ya buɗe gidan horar da samari. Yawancinsu ba su yi nisa a karatu ba. Shi da kansa yake koyar da su, kuma hanyar koyarwarsa abin lura ce. Ya san a Gine Bature bai ƙwace gonaki ba, saboda haka alkawarin raba ƙasa ba zai motsa manomi ba, balle manyan kalmomin siyasa. Sai ya koya musu su fara da gaida dattijon gari, su ci abin da aka ba su, sa'an nan su tambayi mutane zancen haraji, da aikin tilas, da kuɗin gyaɗa, da wanda aka taɓa duka a cikinsu, har manomi ya faɗi da bakinsa inda ke yi masa ciwo. Yakan sa ɗalibi ya gwada wannan zance a gaban ƴan uwansa, a gyara masa, ya sake, kafin a aike shi. Shekara kusan uku aka yi ana wannan shiri. Balanta, manoman shinkafa, sun karɓi kiran da sauri. A yankunan da sarakuna ke da alaƙa da mulkin mallaka kuwa, abin ya yi wuya.

An fara yaƙi ran 23 ga Janairu na 1963, da aka kai hari barikin Tite a kudancin ƙasar. Ba a daɗe ba wata cuta ta ɓullo daga cikin gida. Waɗansu shugabannin mayaƙa, da suka ga bindiga a hannunsu, suka mai da kansu sarakuna, suna zaluntar ƙauyawa, har suna kashe mutane bisa zargin maita. A watan Fabrairu na 1964 Kabral ya kira babban taro a Kasaka. Aka tuɓe masu laifi, aka yanke wa waɗansu hukuncin kisa, aka kuma tsai da cewa soja yana ƙarƙashin jagorancin siyasa. Daga nan aka kafa kwamiti mai mutum biyar a kowane ƙauye, biyu daga cikinsu mata. Aka buɗe kantunan jama'a, inda manomi ke kawo shinkafa ya karɓi yadi ko gishiri ko sabulu. Aka buɗe makarantu a ƙarƙashin itatuwa, da wata babbar makaranta a Konakiri. Bisa lissafin jam'iyyar, a shekarar karatu ta 1971 zuwa 1972 tana da makarantu 164 da ɗalibai fiye da 14,000.

Kabral ya sha daga ra'ayin gurguzu, amma bai yarda a kwafo tsarin wata ƙasa a ɗora wa Gine ba. A taron Habana na Janairu 1966 ya bayyana cewa ƴan boko ne za su karɓi mulki bayan tafiyar Bature, kuma muddin ba su bar son kansu sun rungumi talakawa ba, to sabon zalunci ne zai gaji tsohon. A Nuwamba na 1969 ya tara jami'an jam'iyya a Konakiri, ya yi kwanaki yana yi musu bayani a kan haɗin kai da gyaran hali. Ya hore su da kada su ɓoye wa jama'a wahala, kada kuma su yi shelar nasarar da ba a samu ba. A 1972 aka yi zaɓen wakilan majalisa a yankunan da aka ƴantar.

Bai ga ranar ƴanci ba. Ran 20 ga Janairu na 1973 aka harbe shi a Konakiri, yana da shekara 48. Wanda ya harbe shi, Inosensiyo Kani, tsohon jami'in mayaƙan ruwa ne na jam'iyyar. Maƙarƙashiyar ta samu gindin zama ne a kan rashin jituwa tsakanin ƴan Gine da ƴan Kap-Ber. Duk da haka ginin bai rushe ba, domin waɗanda ya horar sun san aikinsu. Ran 24 ga Satumba na 1973 majalisar ta yi shelar ƴancin kan Gine-Bisau a yankin Bowe, Fotugal ta amince a 1974, Kap-Ber kuma ta samu nata ran 5 ga Yuli na 1975.

Burinsa na haɗe ƙasashen biyu ya wargaje bayan juyin mulkin 14 ga Nuwamba na 1980, wanda ya kifar da Luwis Kabral. Kabarinsa yana cikin ganuwar Amura a Bisau, kuma ƙasashen biyu sun mai da 20 ga Janairu ranar tunawa da jaruman ƙasa.