Malam Muhammadu Bakatsine, Masanin Lissafi Da Ya Rasu A Masar

Duk lokacin da aka zo cike takardun shiga jami'a, akan ji 'yam matanmu na nan Birnin Kudu da Gwaram suna tambayar juna wane fanni ne ba shi da lissafi, don su zaɓe shi. Wasu iyayen ma su ne ke ƙara musu tsoro, wai lissafi karatun maza ne, ko kuwa wai Turawa suka zo da shi. Saboda haka a wannan mako na ga ya dace in kawo muku tarihin wani malami ɗan ƙasar Hausa wanda lissafi ya ɗaukaka sunansa har birnin Alƙahira, tun Bature bai san hanyar Kano ba.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne, mutumin ƙasar Katsina, shi ya sa Larabawa suke rubuta shi Al-Fulani Al-Kashinawi. Ya tashi a lokacin da Katsina take kan ganiyarta ta ilmi da ciniki, garin Hasumiyar Gobarau, garin da su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka zauna a ƙarni na 17. Ayarin fatake na zuwa daga arewa ta Agadas, kuma ba gishiri da tufafi kaɗai raƙuman ke ɗauke da su ba, har da takarda da littattafai.

Ya yi karatu irin na zamaninsa, watau Alƙur'ani da fiƙihu da nahawu da manɗiƙi. Cikin malamansa akwai Shehu Muhammadu Al-Wali na ƙasar Bagarmi, can gabas da Barno, da kuma wani mai suna Shehu Muhammadu Bindu, wanda a wurinsa ne ya sha ilmin hisabi da na hatimi. Ku lura da wannan, 'yam mata. Kowane fanni ya nemi mai shi, ya zauna gabansa. Bai ce tun da nahawu ya fi masa sauƙi bari ya tsaya nan ba.

Wajen shekarar 1730 ya tafi aikin hajji. A wancan zamani tafiyar ƙasa ce, ta watanni, wani lokaci ta shekaru, mutum ya bar gida ba shi da tabbacin komowa. Shi ma bai komo ba. Ya zauna a Makka, a can ya fara rubuta wani babban littafi mai suna Durrul Manzum, sa'an nan ya wuce Alƙahira ya ƙarasa shi. Wannan littafi ya shafi taurari da asirai, abin da malamai da yawa ba su yarda da shi ba, ni kuwa ba shi ne ya kawo ni ba. Wanda ya kawo ni shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta a 1732, inda ya yi bayanin yadda ake gina hatimi.

To mene ne hatimi in an cire maganar asiri? Lissafi ne zalla. Ki zana gida tara a takarda, uku a tsaye uku a kwance. A layin sama ki sa 4, 9, 2. A na tsakiya ki sa 3, 5, 7. A na ƙasa ki sa 8, 1, 6. Yanzu ki haɗa kowane layi, ko a kwance, ko a tsaye, ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, za ki sami 15, ba ƙari ba ragi. Wannan ƙarami ne, yarinya mai haƙuri za ta iya gano shi da gwaji. Amma in gidajen suka zama 25, ko 49, ko 81 fa? Gwaji ba zai fisshe ki ba, ko da za ki kwana kina goge allo. Sai da ƙa'ida.

Ƙa'idar ce Malam Muhammadu ya shimfiɗa wa almajirai, musamman ta hatimin da gefensa mara ne, kamar uku da biyar da bakwai. Ya nuna hanyoyi fiye da ɗaya na zuba lambobin, har da wadda ake tsallake gidaje kamar tafiyar doki a darar Larabawa. Kuma tun ba ki zuba lamba ko ɗaya ba za ki iya sanin jimlar kowane layi. Misali mai gida 25: daga 1 zuwa 25 lambar da ke tsakiya ita ce 13, sai ki ninka ta sau biyar, ki sami 65. Mai gida 49 kuwa 25 ce a tsakiya, sau bakwai 175. Ki gwada a mai gida tara, 5 sau uku, ga 15 ɗinmu ta fito.

Akwai abu ɗaya da ban bi shi a kai ba. Ya shawarci almajiransa su riƙa yin wannan aiki a ɓoye, kada su baza shi ga kowa. Halin zamaninsa ke nan, amma ɓoyon nan ya jawo mana hasara, don ga shi yau sunansa ya fi sanuwa a jami'o'in waje bisa ga makarantunmu. Ya kuma gargaɗe su kada su karaya in abu ya ƙi fita da farko, wannan kam na karɓa hannu biyu.

A nan zan ɗan ratse. Yarinyar da ta zaɓi ilmin tattalin arziki don gudun lissafi, ta gudu ne daga ruwa ta faɗa kogi. Ba za a ɗauke ta a wannan fanni ba sai da kiredit a lissafi da Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma lissafi yana cikin darussan da za ta rubuta a JAMB. In ta shiga, ko Jami'ar Bayero ce a Kano ko Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, tun shekarar farko za ta tarar da aljabara da ƙididdiga suna jiranta. Mai son sanin dalilin da ya sa riɗi ke araha da kaka ya yi tsada da bazara a kasuwar Sara, ko yadda gwamnati ke tsara kasafin kuɗi, ta ɗauki tattalin arziki, amma ta riƙe lissafinta tun daga aji ɗaya na babbar sakandare. Wadda kuwa ta ji daɗi ɗazu da 65 ɗin nan ta fito, har ta ɗauki takarda don ta gani da idonta, to ta yi tunanin karanta lissafin kansa. Makarantunmu na mata suna neman malamai mata masu koyar da shi ruwa a jallo. Ku kuma iyaye, wadda take riƙe adashin mutum ashirin a ka ba ta taɓa ɓata ba, wadda ta san tumuninta a rabon gado, ba ta da bakin cewa 'yarta ba ta gaji lissafi ba.

Mu koma ga Malam. A Alƙahira ya shaƙu da Shehu Hasan Al-Jabarti, babban malami masanin hisabi da falaki, kuma duk da girmansa wannan Shehu ya zauna ya karanci ilmin hatimi a wurin baƙon da ya zo daga Katsina. Malam Muhammadu ya kuma rubuta littattafai a kan nahawu da manɗiƙi. A gidan Shehu Hasan Allah ya yi masa rasuwa a 1741, bayan ya bar masa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Shehun ya binne shi a maƙabartar malamai, ya sa aka rubuta sunansa a kan kabarin. Ɗan wannan Shehu, Abdurrahman Al-Jabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar Malam, shi ne ya zama mashahurin marubucin tarihin Masar, kuma a cikin littafinsa ne aka sami mafi yawan abin da aka sani game da rayuwar Bakatsinen. A 1973 wata malamar lissafi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta sa bayanin hatiminsa a littafinta na lissafin mutanen Afirka. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.